Ranar da Na Rufe wa 'Yata Ruwa

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayenmu na zumuntar mata, matasa, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Sunana Zira. Yawancinku kun san ni da Baban Tizhe mai famfo, na unguwar Yelwa. Asalina daga duwatsun Michika ne, amma na fi shekara ashirin ina gyaran famfo a nan Mubi. Na rubuta shaidar nan a takarda domin kada in tsallake wani abu, kada kuma in sa na baya a gaba. Zan fara da irin mutumin da nake a da, sa'an nan hanya, sa'an nan abin da Allah ya yi. Ina roƙo kada a yi tafi sai na gama.

Na farko, halina.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma ni mutum ne mai son tsari. A gidana akwai lokacin tashi, akwai lokacin addu'a, akwai lokacin cin abinci. Kayan aikina a jere suke a jikin bango, daga ƙaramin sifana zuwa babba. 'Ya'yana ma, bisa ga al'adarmu ta Kamwe, sunan kowa yana faɗin matsayinsa: Tizhe na fari, Masi ta biyu, Tumba na uku, Kwanye ta huɗu. Tumba ba ya nan. Zan zo kansa a inda ya kamata.

In na yi magana a gida, ta zauna. Matata Saratu, ga ta can a benci na uku, ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Ni kuwa ina ganin wannan tsoron Allah ne ya cika gidana. Ashe ni ake tsoro.

Game da ciwon yara ina da doka biyu. Ta farko, magani shi ne allura. Yaro ya yi zazzaɓi ko tari, in kai shi kemis a soka masa, shi ke nan. Ta biyu kuma daga wurin aiki na ɗauko ta. Maigidan da ya koya mini sana'a, abin da ya fara sa mini a kai shi ne, in ka ga bututu yana yoyo, kafin ka taɓa komai je ka rufe ruwa. Sai na ce ai cikin yaro ma haka yake. In yana gudawa, a rufe ruwa, a rufe nono, har cikin ya bushe. Tsofaffi da yawa a ƙauyenmu haka suke yi, saboda haka ban taɓa samun mai musa mini ba.

Sai mutum ɗaya. A ƙaramin asibitin unguwarmu akwai wata ma'aikaciyar lafiya, Sista Aishatu, Musulma ce, gajeriya, mai kaifin baki. Wurinta Saratu take kai Kwanye awo da rigakafi. Wata rana Saratu ta dawo da wasu ƙananan ledoji na garin gishiri da sukari, ta ce Sista ta ce in yaro ya fara gudawa a dama a ruwa mai tsabta a riƙa ba shi. Na yi dariya. Da aka kira ni gyaran famfon asibitin, na faɗa wa Sista a gaban mata cewa gishiri da sukari kayan miya da shayi ne.

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Mai famfo, kai riƙe sifanarka, ka bar mini yarana."

Matan suka fashe da dariya. Na riƙe wannan magana a zuciya. Na daina gaishe ta a hanya. Ina faɗa a gaban Allah da gabanku, na raina ta domin mace ce, domin na girme ta, domin kuma ba addininmu ɗaya ba.

Na biyu, hanya.

Ba sai na ba ku labarin ranar da 'yan bindigar nan suka shigo Mubi ba. Duk wanda yake zaune a nan yana da nasa. Tun da Michika ta faɗa hannunsu na tura Tizhe da Masi Yola wurin ƙanena, saboda haka mu uku ne a gida: ni, Saratu, da Kwanye mai wata goma sha ɗaya.

Da safe ne. Ina ɗaure takalmi zan fita aiki muka ji ƙarar farko, ƙofar langa-langa ta girgiza. Kafin in miƙe titi ya cika da mutane, wasu ba takalmi, wata mata tana gudu da tukunya a hannu ba ta san tana riƙe da ita ba.

Ko a cikin wannan tashin hankali sai da na shirya jaka bisa tsari. Takardun gida, takardun makarantar yara, riga biyu, garin rogo, robar ruwa, sifana ɗaya. Na ɗaura agogona. Saratu ta zo da ledojin nan na Sista, guda huɗu, ta cusa a gefen jakar. Na zare su na jefa a kan gado.

Na ce, "Babu wurin shara."

'Yan'uwa, sifana ta samu wuri. Ledoji huɗu da ba su kai nauyin wasiƙa ba, su ne ba su samu ba.

Muka bi ayarin da ya nufi kudu, wajen Maiha, da niyyar mu kai Belel, in abin ya matsa mu tsallaka Kamaru. Ba mu bi titi ba, ta cikin gonakin dawa da gindin duwatsu muka bi. Ba mai magana da ƙarfi. In jirgi ya wuce a sama kowa ya kwanta da ciki. In kara ya motsa, zuciya ta tsinke. Na ga wani dattijo da na sani a kasuwa ya zauna a kan dutse ya ce wa 'ya'yansa su tafi, shi ya gama. Ban san abin da ya same shi ba har yau.

Ruwan robarmu ya ƙare kafin rana ta yi tsaka. Muka iso wani mayo, wato rafi, mutane da shanu duk a ciki, ruwan ya zama ja. Kowa ya sha. Mu ma muka sha, muka ba Kwanye, muka cika robar.

Rana ta biyu da sassafe gudawa ta fara. Kamar ruwan shinkafa, ba tsayawa. Kafin hantsi zanen goyo biyu sun ɓaci.

Na tsayar da Saratu na ce, "Maman Tizhe, saurara. Daga yanzu ba ruwa, ba nono, sai cikin ya tsaya. In mun kai inda akwai kemis a yi mata allura."

Ta ce, "Baban Tizhe, Sista ta ce..."

Na ce, "Sista ce ta aure ki?"

Ta gyara goyo muka ci gaba.

Duk yinin nan yarinyar tana kuka, tana miƙa hannu wajen robar da ke rataye a kafaɗata. Na mayar da robar ɗaya gefen don kada ta gani. Mutanen da muke tafiya tare suna juyowa suna cewa a rufe mata baki, za ta tona mu. Wata tsohuwa ta taɓa kanta ta ce maɗiga ce ta faɗa, a nemi ganye a daka a shafa. Wata ta ce ai haƙori ne, duk yaro yana yi. Ba wanda ya ce a ba ta ruwa.

Saratu kuma ta ishe ni da tsayawa. Kowane ɗan lokaci sai ta ce za ta zaga bayan dutse, cikinta ita ma ba daidai ba. Ina duba agogo ina faɗa. Na ce, "Sau tara ke nan yau! So kike a cim mana?"

Rana ta uku Kwanye ta daina kuka.

Na ji daɗi. Ku ji wautata! Na ce wa Saratu, "Kin gani? Ta samu sauƙi." Da ta sauko da ita daga baya, kan yarinyar ya langaɓe kamar na kazar da aka yanka. Idanunta sun shige ciki, a buɗe rabi. Leɓenta ya tsage. Na kira sunanta sau uku, ba ta juyo ba.

A nan tsoro ya shige ni, irin wanda harsashi bai sa mini ba. Domin na taɓa ganin wannan fuska.

Wajen azahar muka iso wani ƙauye a kan hanyar Belel. Mutanen gari rabi sun gudu. Akwai ɗan ɗakin shan magani a kulle da kwaɗo, a barandarsa kuma mata sun yi dogon layi da yara a hannu. Aka ce mana wata ma'aikaciyar lafiya daga Mubi ce take duba yara. Na karɓi Kwanye na je na tsaya a ƙarshen layi. Na ƙirga, mutum ashirin da uku ne a gabana. Ban yi tunanin wuce kowa ba. A rayuwata ban taɓa tsallake layi ba, kuma da an bar ni da tsarina, a layin nan 'yata za ta cika.

Amma matar ba ta zauna tana jiran layi ya zo mata ba. Tasowa ta yi tana bin layin, tana leƙa fuskar kowane yaro, tana taɓa wannan, tana ɗaga idon wancan. Da ta iso kaina na ga ko wace ce. Sista Aishatu, da hijabi duk ƙura, takalmi ƙafa ɗaya ya tsinke ta ɗaure da leda. Daga baya na ji cewa ko zane na biyu ba ta ɗauko ba, jakar asibiti kawai ta saɓa ta fito.

Ta dubi Kwanye. Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Kawo ta. Yanzu."

Wata mata ta ce, "Sista, mu fa tun safe muke nan!"

Ta ce, "Naki yana kuka, Mama. Wannan ba ta iya kuka."

Ta shimfiɗa ta a kan tabarma ta fara yi wa Saratu tambaya, ɗaya bayan ɗaya, da sauri. Kwana nawa? Akwai jini a kashin? Tana amai? Ta yi jijjiga? Jiki da zafi? Yaushe ta yi fitsari na ƙarshe? Saratu ta ce tun jiya da safe. Sista ta sa yatsa biyu ta tsunkuli fatar cikin yarinyar ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe tsumma. Ina kallo, a hankali, a hankali ta kwanta.

Ta ce, "Me take sha?"

Saratu ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ba ta shan komai. Na hana. Sai cikin ya tsaya."

A lokacin ta ɗago ta gane ni. Ta ce, "Mai famfo. Kai ne?"

Na ce ni ne. Na fara yi mata bayani a kan bututu da yoyo. Na ce ta taimaka ta yi mata allura.

Ta ce, "Allurar me? Ruwa ne ya ƙare a jikinta! Kai da kake aikin ruwa, faɗa mini. Tanki ya huje, ba ka da abin toshewa yau, mutanen gida kuma da shi suke rayuwa. Me za ka yi?"

Na ce, "Sai a yi ta zubawa har a samu gyara."

Ta ce, "To, 'yarka tanki ce. Kwana biyu tana zuba, kai kuma ka tsaya a kai ka hana a ƙara. Gudawar za ta tsaya da kanta. Bushewar ce take kashe su."

Bushewar ce take kashe su.

Yanzu na zo kan Tumba.

Shekara takwas kafin wannan rana, ɗana Tumba yana da shekara ɗaya da 'yan watanni ya kamu da gudawa. Muna gida lafiya, ba gudu, famfo yana zuba a tsakar gidana, ni na ja shi da hannuna. Na ce a rufe ruwa, a rufe nono. Na kai shi kemis aka yi masa allura biyu. Rana ta uku ya yi shiru. Rana ta huɗu muka binne shi. Wasunku kun zo gaisuwa. Na tsaya a gabanku na ce Ubangiji ne ya bayar, shi ne ya karɓa, kuka ce ga mutum mai bangaskiya.

A barandar nan, shekara takwas a makare, na gane abin da ya kashe ɗana. Na juya na dubi Saratu. Ita ba ta yi mamaki ba. Ta daɗe da sani.

Sista ba ta ba ni lokacin kuka ba. Ta ce, "Ku ji gaskiya. Yadda take ɗin nan ƙarin ruwa ta jijiya take bukata, ni kuwa ba ni da shi. Inda za a samu sai Belel, kuma ba mota, ba za ta kai ba a ƙafa. Hanya ɗaya ta rage. In za ta iya haɗiya, muna da dama. In ba za ta iya ba..."

Tana da tukunyar ruwa da ta sa aka tafasa ya huce. Ta auna lita ɗaya a roba, ta yage leda ɗaya, irin ledojin da na jefa a kan gado, ta zuba ta girgiza. Ta ciro ƙaramin cokali. Saratu ta miƙa hannu, Sista ta ce, "A'a. Ke ki zauna ki shirya nono. Shi zai ba ta." Ta danƙa mini cokalin. "Na ga kana da agogo, kuma an ce kai ba ka kuskuren lokaci. Cokali ɗaya kowane minti ɗaya. Ɗaga kanta. Kada ka ɗura. In ta yi amai, jira minti goma ka ci gaba a hankali. Ba tashi, ba tsayawa, sai ta yi fitsari. In ta yi, kira ni."

Ta koma wurin sauran yara.

Na ɗora Kwanye a cinyata. Na sa cokali na farko a gefen bakinta. Ruwan ya gangaro ta kumatu ya zuba a wuyanta. Na biyu ma haka. Na uku ma haka.

Ya Yesu!

'Yan'uwa, ni mai addu'a ne tun ina yaro, kuma addu'ata tana da tsari: yabo, godiya, tuba, roƙo. Ranar nan duk ya watse. Na durƙusa a kan simintin nan da yarinya a hannu, a gaban Kirista da Musulmi, na ce, "Ubangiji, ni ne. Ni na kashe Tumba. Ni na rufe wa wannan ma. Ba ni da abin da zan ce maka. Kada ka dubi ubanta. Buɗe maƙogwaronta kawai. Cokali ɗaya, Yesu, cokali ɗaya nake roƙo."

Na ji hannun Saratu a bayana. Tun da muka binne Tumba ba ta taɓa dafa ni haka ba. Ta ce, "Amin."

Na ɗebo na huɗu. Rabi ya zube. Na sa sauran a kan harshenta, na zuba ido a wuyanta.

Maƙogwaron ya motsa.

Ta haɗiye! Haleluya! Ta haɗiye!

Daga nan ban san duniya ba sai agogo da cokali. Minti ya cika, cokali. Minti ya cika, cokali. A na talatin da ɗaya ta yi amai, duk ya dawo a kan rigata. Na ji kamar in mutu. Na tuna umarni, na jira minti goma. Minti goman nan sun fi mini kwana ukun da muka yi a daji tsawo. Na sake farawa.

Muna cikin awa ta biyu sai muka ji harbi daga bayan dutse, ta hanyar da muka fito. Wani ya shigo a guje yana ihu, "Ga su nan! Ga su nan!" Layin nan ya watse kamar ba a taɓa yin sa ba. Mata suna fizgar yara, tukunyar ruwa ta kife, wani ya taka mini ƙafa. Na miƙe da Kwanye a hannu, na rasa gabas na rasa yamma.

Sista ta cafke hannun rigata. Ta ce, "Mai famfo, in ka yi gudun awa biyu da ita a rana, gawa za ka sauke. Shiga dawar can ka kwanta. Kada cokalin nan ya tsaya."

Muka kutsa cikin gonar dawa da ke bayan ɗakin, ni da Saratu, muka zauna a tsakanin kunyoyin dawa. Sista da wasu mata biyu masu yara marasa ƙarfi suna can gefe. Harbin ya ƙaru. Muna jin ƙarar injin, ba mu san ko mota ce ko babur ba, ba mu san ko namu ne ko nasu ba. Saratu ta cusa bakin zane a bakinta don kada haƙoranta su yi ƙara. Ni kuma zuciyata tana cewa tashi ka gudu, tashi ka gudu, za su yanka ka a nan kamar rago.

Agogo ya cika minti. Na ba da cokali.

Ban san yadda zan bayyana muku ba. Tsoron bai tafi ba, ko kaɗan. Fitsari ya kusa kufce mini. Amma kowane minti akwai abu ɗaya da aka ba ni in yi, ina yi, ina cewa Yesu. A can na rasa ƙirga. Ni Zira, na rasa ƙirga, kuma ban damu ba.

Sai ga sabon tsoro. Kwanye ta buɗe ido sosai, ta kama cokalin da hannu, ta fara kuka. Kukan da na roƙa, ya zo a lokacin da kuka zai iya kashe mu duka. Saratu ta dube ni. Ko a nan, da mutuwa a bayan dutse, izinina take jira.

Na ce, "Ba ta nono, Maman Tizhe. Don Allah ba ta."

Ta kama. Da ƙyar da farko, sa'an nan da ƙarfi. Ta yi shiru.

Ƙarar ta yi nisa, ta koma wajen arewa, ta ɓace. Har yau ban san su wane ne ba. Ba su shigo ƙauyen ba.

Muka ci gaba a cikin dawar, nono, cokali, nono, cokali. Rana ta karkata, wajen la'asar, Kwanye tana kan cinyata, sai na ji ɗumi yana bin wandona yana gangarawa har gwiwa. Na ɗaga ta na duba. Ba gudawa ba ce.

Na manta da ɓuya. Na miƙe tsaye a tsakiyar gonar mutane ina ihu, "Sista! Sista! Ta yi fitsari!"

Shekara ashirin ina toshe yoyo ana biyana. Ranar nan na yi rawa saboda yoyo, da jiƙaƙƙen wando, ina kuka kamar yaro. Ku yabi Ubangiji!

Sista ta zo ta sake tsunkular fatar cikin, ta koma da sauri fiye da da. Ta duba ido, ta taɓa maɗiga. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ni na ce, "Haleluya." Ba wanda ya gyara wa wani. Ta ba mu leda biyu, da ƙwayar magani ta zinki ta kwana goma, ta ce ko gudawa ta tsaya a gama ta duka, a ci gaba da nono da kunu, kuma gobe lalle mu kai ta Belel a sake dubawa.

Sa'an nan ta tsaya tana kallon yarinyar, ta girgiza kai. Ta ce, "Amma akwai abin da ban gane ba. Kwana biyu a wannan rana, ba ruwa ba nono? Da ba ta iso nan da rai ba." Ta juya wajen Saratu. "Maman Tizhe, faɗi gaskiya."

Saratu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Cikina lafiya yake. Duk zagawar da nake yi bayan dutse, nono nake ba ta. Sai jiya da yamma ta kasa kamawa." Ta share ido. "Na bi maganarka a kan Tumba, Baban Tizhe. Na ce wa Allah ba zan bi ta sau biyu ba."

Sau tara a rana ɗaya. Ni na ƙirga da kaina, ina zaginta.

Sista ta ce, "To, mai famfo, ka ji. Wani ya buɗe maka ruwa ta baya."

Kashegari wata motar hatsi ta ɗauke mu zuwa Belel. Aka duba Kwanye aka ce ta tsallake. Wata biyar muka yi kafin mu dawo Mubi. Na tarar an kwashe gidana kaf, har katifa. Amma a ƙasa, inda gadon yake a da, ga ledoji huɗu cikin ƙura. Ɓarawo ma bai ga amfaninsu ba, kamar ni. Na ajiye ɗaya, ga ta a hannuna. Ta lalace, ba a sha, don tuni nake riƙe da ita.

Sista Aishatu ta dawo aikinta. Na je na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta ce in tashi, famfon asibiti yana yoyo tun da aka dawo. Na gyara. Har yau mai famfo take kirana, ni kuma ina amsawa.

Na uku, abin da nake roƙonku. Shekara uku ina ɗauke da wannan magana, kunya ta hana ni fitowa. Makon jiya na ji wani ɗan'uwa a ƙofar majami'ar nan yana ce wa matarsa kada ta ba yaro ruwa, gudawa yake yi. Ba zan faɗi sunansa ba. Shi ya sa na tsaya a nan yau.

Maza, da ku nake. Yaro ya fara gudawa, a ƙara masa ruwa mai tsabta, a dama masa gishiri da sukari na asibiti, kada a cire shi daga nono. In ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi shiru irin wanda ba barci ba, ɗauke shi a guje zuwa asibiti, kuma kada ka tsaya a ƙarshen layi, ka faɗa musu da ƙarfi. Ku ajiye ledojin nan a gida. In matarka ta dawo daga awo ta ce ga abin da aka koya musu, ka zauna ka ji.

Maman Tizhe, na roƙe ki gafara a ɗaki. Yau ina roƙo a gaban ikkilisiya, domin a gabansu na karɓi yabon da ba nawa ba ranar da muka binne Tumba. Ki yafe mini.

Ina gode wa Yesu da ya cece 'yata daga mutuwa, ya cece ni kuma daga taurin kaina. Ya aiko taimako ta hannun matar da na raina, da matar da na hana magana. In kana cikin tsoro yau, in akwai abin da ka yi wanda ba ya gyaruwa, kawo masa haka nan. Ni cokali ɗaya na roƙa, ban ma cancanta ba, ya ba ni.

Kwanye, tashi tsaye su gan ki. Hau kan bencin, yau na yarda.

Ga ta nan. Shekararta huɗu. Yanzu kuna iya tafi, amma ga Ubangiji za ku yi.

A cikin sunan Yesu. Amin.